Waken Asabar ɗin Glenna

Dayton, Ohio
12 ga Janairu, 1975

Zuwa ga Goggo Althea,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan sanyin Lubec bai kwantar da ke ba, kuma gwiwar nan ta yi sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau. Maigidana Dwight an rage musu aiki a masana'anta zuwa kwana uku a mako, ni kuma ina nan ina guga a gidan wanki, 'yan matan biyu suna makaranta. Na san rabona da rubuto miki tun jana'izar Mama. Ba na so ki ce sai da buƙata nake tuna ki, ko da yake gaskiya buƙatar ce ta kawo ni.

Maganar Baba ce. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye muka taho da shi nan, ya ƙi abinci. Likita ya duba, haɗiyarsa lafiya lau, hannun hagu ma yana riƙe cokali, ƙi ne kawai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan taru a teku, yanzu laba ɗari da ashirin da takwas ne a sikeli. Likitan ya ce idan ƙarshen Maris ya yi bai fara ƙaruwa ba, za a kai shi gidan jinyar tsofaffi a sa masa robar abinci ta hanci. Ke kika taso tare da Baba, kin fi ni sanin cewa in ya shiga can ba zai fito ba.

Maganarsa yanzu ba ta wuce kalma biyu ko uku. Jiya Asabar ya daɗe yana kallon kalanda, sannan ya ce, "Wake." Na gane waken Mama yake nufi, mai yankakken sosej a ciki, wanda muka ci duk daren Asabar tun ina rarrafe. Matsalar ita ce ban iya ba. Abin da na sani kawai, takan saka tukunyar ƙasa a tanderu da safe kafin ta tafi yankan kifi, da yamma kuma ta kore mu daga kicin har sai an zauna ci.

Duk Lubec an san ba mai kama ƙafarki a wake, kuma gidanki na kallon namu shekara da shekaru. Ki rubuto mini yadda Mama take yi, daki-daki, kamar kina koya wa wadda ba ta taɓa riƙe ludayi ba.

'Yarki,
Noreen


Lubec, Maine
20 ga Janairu

Noreen,

Na ga wasiƙarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ƙanƙara ta rufe mini ƙofar baya kwana biyu, amma ban mutu ba. Labarin ɗan'uwana Elwood ya tayar mini da hankali. Ni da ma tun farko ban so aka ɗauke shi daga bakin teku aka kai shi inda ba ya jin ƙarar jirgi ba, sai dai ba a tambaye ni ba.

Na aiko miki da wake laba shida, irin namu na nan, don kada ki je ki sayo wannan farin tsakuwar da suke sayarwa a can. Ki jiƙa laba biyu ranar Juma'a. Asabar da safe ki tafasa shi har sai in kin ɗebo ƙwaya a cokali kin hura, ɓawon ya tsage. Albasa guda, ba yanka, a gindin tukunya. Sai waken, sai maɗi rabin kofi, garin mustad cokali ɗaya, kitsen alade mai gishiri a sama, ki tsattsaga shi. Ruwan zafi ya rufe shi, wuta ƙasa-ƙasa, awa takwas. Kina leƙawa kina ƙara ruwa, kuma na zafi na ce. Awar ƙarshe ki cire murfi. Tumatir kada ya kusanci tukunyar nan.

Sosej kuwa daban ake dafa shi, kowa nasa guda a gefen faranti. Yanka shi a cikin wake ba tsarin gidanmu ba ne. Haka Ida, kakarki, ta koya mini tun ina 'yar shekara goma, haka na yi wa coci shekara ashirin da wani abu ba wanda ya taɓa barin loma.

Wannan nawa ne na ba ki. Mahaifiyarki tana da nata hannun, ba zan ce komai a kansa ba. Ki gwada wannan, wake ne na gaskiya, ko mara lafiya ya ji ƙamshinsa zai tashi zaune.

Ki gaida Dwight, ki ce wa Elwood na ce ya daina taurin kai.

Goggonki,
Althea


Dayton
10 ga Fabrairu

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Waken ya iso, na gode. Mu dai muna nan, ƙaramar tana mura.

Asabar uku ke nan ina abu ɗaya. Ta farko waken ya ƙi nuna, awa goma yana wuta yana nan garas-garas, maƙwabciyata ta ce ruwan famfon garin nan ne. Ta biyu aka kira ni aiki, na bar wa Dwight amanar ƙara ruwa, ya zauna kallon ƙwallo, na dawo na tarar da gawayi. Ta uku na ɗauki hutun da ba za a biya ni ba, na zauna a gaban tanderu kamar mai gadi. Ya fito yadda kika ce, ja-ja-wur, Dwight har da ƙari. Na yanka wa Baba sosej a cikin nasa, kin ce ba tsari ba ne amma haka Mama take yi. Ya kai cokali ɗaya baki, ya tauna, ya ture farantin, ya ce, "Na Althea."

Na shiga banɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ba mu da halin zubar da abinci a gidan nan, don haka duk tukunyar da ya ƙi, mu ke cinye ta har Laraba. 'Yan matan in sun ga wake yanzu sai su kalli juna. Ko mai ƙaurin ma sai da muka ci samansa.

Baba ya koma ɗari da ashirin da huɗu.

Sannan akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Me kike nufi da Mama tana da nata hannun, ba za ki ce komai ba? Na karanta layin nan ya fi sau goma. Na san danginku ba su taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba don ta fito daga tsallaken ruwa, na san abin da Kaka Ida take faɗa mata a gaban mutane. Amma ta rasu, Goggo, shekara ɗaya da rabi ke nan. In girkinta bai kai naki ba a wajenki, na ji, shi ɗin dai nake nema. Ba gasa na shiga ba, so nake tsoho ya ci abinci.

Noreen


Lubec
17 ga Fabrairu

Noreen,

Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya a layi ɗaya.

Wato Elwood ya ɗanɗana ya ce "na Althea" ya ture. Na gode masa. Shekara sittin yana cin waken nan a coci da gidajen rasuwa, yau ya zama abin turewa.

Batun Glenna kuwa, ki iya bakinki, yarinya. Ban taɓa raina uwarki ba, kuma ba ki san abin da ke tsakanina da ita ba. Abin da na rubuta shi nake nufi, ba ƙari.

Wataƙila tukunya ce matsalar, na tabbata a ta ƙarfe kike yi. Na shiga gidanku da makullin da kuka bar mini na ɗauko ta uwarki, na naɗe ta da tsofaffin tawul na aiko. In ya gan ta a kan tebur, ƙila idonsa ya ja bakinsa. Ki rage maɗi, ki yanka sosej ɗin tunda haka kuke so.

Althea


Dayton
3 ga Maris

Goggo,

Gaisuwa. Tukunya ta iso ba ta fashe ba.

Da Baba ya gan ta sai da ya miƙa hannu ya shafa murfin, ya daɗe hannunsa na kai. Na ce shi ke nan, an gama. Na rage maɗi, na yanka sosej, na kai masa a cikinta. Ya ci cokali biyu, ya kalle ni kamar na yaudare shi, ya juya fuska bango. Asabar ɗin da ta biyo baya ko ɗanɗanawa bai yi ba. Na durƙusa a gabansa na ce Baba gaya mini abin da babu, gishiri ne, zaƙi ne, mene ne. Bakinsa ya motsa, na ga sarai akwai maganar da yake da ita, sai ya datse ya rufe ido. Wannan ba ciwon ba ne, na san bambanci, ƙin faɗa ya yi.

Ke ma haka. Ranar Lahadi na kira ki, kiran nesa da kin san ba arha ba ne, na tambaye ki abu ɗaya tak. Kika ce "ba a waya ba," kika ajiye. Me ke cikin dafa wake da ba za a faɗa a waya ba?

Wani abu kuma. Na san tukunyarki, cikinta baƙi ƙirin ne, kin sha hana mu wanke ta da sabulu. Ta Mama da na leƙa, cikinta fes, kamar wadda ba ta yi shekara biyu a wuta ba. Ban gane ba, kuma na gaji da rashin ganewa. Kowa a dangin nan yana da abin da ya sani sai ni da ke tsaye a gaban murhu.

Yau sikeli ya ce ɗari da ashirin da ɗaya. Wandonsa sai da na huda wa bel sabon rami. Likita ya ba mu takardun gidan jinyar mu fara cikewa, suna nan kan firji ban taɓa ba. Ranar talatin da ɗaya ga wata za mu koma.

In kin san wani abu, don Allah ki faɗa. In kuma fushi kike don ya ture wakenki, ki yi fushin da ni bayan ya ci.

Noreen


Dayton
16 ga Maris

Goggo,

Mako biyu ba amsa. Na ɗauka amsar ke nan. Ba zan ƙara damun ki ba. In an kai shi zan aiko miki da adireshin wurin, ko kya so aika masa da kati.

Noreen


Lubec
17 ga Maris

Noreen, 'yar nan,

Ina nan lafiya a jiki. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina jefa ta a murhu. Waya kuwa, kin manta layinmu na tarayya ne, gida shida, duk wanda ya ɗaga tasa wayar yana jin hirar? Kafin in rufe baki Myrtle ta ƙarshen titi ta kai wa duk Lubec.

Uwarki ba ta taɓa gasa wake ba. Na gwangwani ne. Tun daga shekarar da aka kawo ta har Asabar ɗinta ta ƙarshe.

Ki zauna ki ji yadda aka yi kafin ki yanke mata hukunci. Tana amarya, kwana shida a mako take tsaye a masana'antar kifi da almakashi tana yanke kan kifi, da an busa usur sai tafiya, ko Asabar ko ba Asabar ba. Wake kuma yana son mai zama kusa da shi. Ida kuwa duk Asabar sai ta zo cin abinci gidan ɗanta. Tukunya ta farko ta ƙone, ta biyu ma haka. Ta uku Ida ta ɗauka a gaban Elwood ta fita ta juye wa kaji, ta ce matar da ba ta iya wake ba baƙuwa ce a gidan miji. Garin da kowa ke cin abinci da cusa kifi a gwangwani, amma a ga gwangwanin wake a kicin ɗin mace ya zama abin kunyar da za a bi 'ya'yanta da shi. Haka muke, ni ma haka nake.

Na same ta a rumfar itace tana kuka, hannuwanta duk yanka. Na ce zan riƙa gasa mata, ta ce a'a, Ida ta san hannuna. Ita ta kawo dabarar, ni na ɗauki sayayya. Duk wata nakan shiga mota zuwa Machias inda ba a san ni ba in sayo, in tura ƙarƙashin itacenku. Fanko kuma in kwashe in haɗa da sharata. A shekarar hamsin da shida matar mai kula da juji ta ga gwangwanayen a buhuna. Shekara biyu aka karɓe mini girkin coci, ana nuna ni da baki. Na bari aka ɗauka nawa ne.

Ga yadda take yi. Da safe ruwa ne kawai a tukunyar, da albasa da ɗan maɗi, don gida ya ɗauki ƙamshi, shi ya sa kika ga cikinta fes. In ta dawo, gwangwani uku manya, mafi arha, marar tumatir. Sosej huɗu ta yanka sirara don su ishi kowa, ta soya da albasa har gefensu ya yi baƙi. Ta juye duka a tukunya, maɗi cokali biyu, da ragowar gahawar safe mai sanyi rabin kofi, ita ke kashe ɗanɗanon ƙarfe. Minti arba'in a tanderu ba murfi. Ida ta ci wannan shekara goma sha tara tana cewa ita ta gyara surukarta.

A asibiti, kwana biyu kafin ta cika, Glenna ta riƙe hannuna ta ce, "Kada Elwood ya sani, Althea. Yana alfahari da waken nan." Na yi mata alkawari. Na yi ta fatan nawa zai wadatar don kada in karya, na ɓata miki wata biyu, kuma nauyin da ya zube a wata biyun nan a wuyana yake.

Ki dafa masa. Ki ɓoye gwangwanin, kada ya gani. In kin gama karantawa ki ƙona takardar nan.

Goggonki,
Althea


Dayton
1 ga Afrilu

Goggo Althea,

Ina gaishe ki, gaisuwa ta gaske wannan karon. Wasiƙata ta ƙarshe ta saɓa da taki a hanya, ki yafe mini ita, ki jefa ta inda kika jefa huɗun nan.

Da na karanta taki na yi fushi da ke, na yi fushi da Mama, na yi fushi da Kaka Ida da ke kabari. Sai na tuna hannun Mama, yadda kullum yatsunta ke naɗe da filasta, fushin ya bar ni da kunya. Wata biyu ina ƙona gas awa takwas-takwas, ashe abin yana kan kanta a shagon bakin titinmu, a layin da ya fi kowane arha.

Ranar Asabar ashirin da biyu ga wata na yi yadda kika ce. Na rufe ƙofar kicin, na kori kowa, na tura gwangwanayen can ƙasan shara. Ina soya sosej ɗin na ji ƙamshin gidanmu na Lubec. Da na kai masa, ya ci cokali ɗaya ya tsaya. Ya ci na biyu. Bai ɗago ba sai da ya share farantin, ya tura mini shi, ba turewa irin ta da ba, ƙari yake so. Tun ranar kullum sai ya ci, yanzu har ƙwai da burodi yana karɓa da safe. Jiya sikeli ya ce ɗari da ashirin da uku. Likita ya ce a ajiye takardun, mu dawo bayan wata guda.

Amma ga abin da ya sa na kasa jira. A ranar farkon, bayan 'yan matan sun tashi daga tebur, ya kama wuyan hannuna ya ce, "Gwangwani." Na fara rantse-rantse. Ya girgiza kai. Da ƙyar, kalma-kalma, ya fahimtar da ni cewa ya sani tun shekarar farko, ya je ɗibar itace ya gani. Ya ce a jirgi ma shi suke ci, ya za a yi ya kasa ganewa. Na ce to Baba me ya hana ka faɗa mini, kana kallo ina wahala kana ramewa? Ya ce, "Sirrinta ne."

Sannan ya ƙara matse hannuna, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun da ya kwanta. Ya ce, "Kada Althea ta ji. Za ta ci mutuncin uwarki."

Ki gaya mini abin da zan ce masa.

'Yarki,
Noreen


Lubec
7 ga Afrilu

Noreen,

Lafiya lau, ƙanƙara ta fara narkewa. Laba biyu ba yawa, amma na gode wa Allah.

Tsohon banza. Shekara talatin da biyar ina jigilar gwangwani a mota kamar ɓarauniya, yana zaune ya sani. Yanzu na gane abin da ya faru lokacin da aka karɓe mini girki. Shi kaɗai ya tsaya a ƙofar coci ya rantse cewa Althea ba ta taɓa riƙe mabuɗin gwangwani ba, in an ga wani abu a buhunta to jefa mata aka yi. Na ɗauka kare ni yake yi, ashe har zuciyarsa haka ya yarda. Na zauna a kicin na yi dariya, daga baya kuma ba dariya ba ce.

Kada ki gaya masa komai. Abin da ya rage masa da zai yi wa Glenna ke nan, ki bar masa. Ki ce kin yi alkawari ba zan ji ba.

In kuma ya tambaye ki me na ce, ki ce na ce wake awa takwas ne, kuma har yanzu ban yarda a yanka sosej a ciki ba.

Goggonki,
Althea